Daga Multan Zuwa Gwarzo Da Kabo: Wa Zai Ji Kukan Na Gefe?

Kwanakin baya na je ta'aziyyar wani ɗan'uwa a wani ƙauye da ke tsakanin Kabo da Gwarzo. Bayan an yi addu'a an shafa, jama'a sun ɗan ragu, sai wani kawuna da ya haura shekara tamanin ya dube ni ya ce, "Ɗana, ku da kuka yi boko kuke zaune a birni, ka gaya mini, yanzu mu mutanen wa ne? An wayi gari an ce mu na Karaye ne, muka je muka yi mubaya'a. An sake wayar gari an ce mun koma Kano. Yanzu kuma ina jin yara na zancen wata jiha wai ita Ghari." Kafin in buɗe baki, sai wani matashi daga bayan tabarma ya ce, "Baba, ko ta wa muka zama, rijiyar burtsatsen nan dai tana nan a lalace." Aka yi dariya, amma ni dariyar ba ta kai mini ciki ba, domin a cikin maganganun nan biyu na ji tambayar da ta daɗe tana damun yankinmu.

Da na dawo gida, sai tunanina ya tafi can wata ƙasa mai nisa, wato Pakistan, inda wata al'umma da ake kira Saraiki ta shafe fiye da shekara hamsin tana irin wannan tambaya. Mai karatu zai iya cewa me ya haɗa kifi da kaska? Ina roƙon a yi mini haƙuri a biyo ni, don kuwa masu iya magana sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mutanen Saraiki suna zaune ne galibi a kudancin lardin Punjab, a yankunan Multan da Bahawalpur da Dera Ghazi Khan, wasunsu kuma sun tsallaka har Dera Ismail Khan a lardin da ke maƙwabtaka. Musulmi ne, manoma ne, ƙasarsu kuma ta yi suna wajen noman auduga da alkama da mangwaro. Ƙidayar jama'ar da aka yi a 2023 ta nuna cewa kusan kashi 12 cikin ɗari na mutanen Pakistan ne ke kiran Saraiki harshen uwa, wato mutane sama da miliyan 28. Amma duk da wannan yawa ba su da lardi nasu. Ana mulkinsu ne daga Lahore, babban birnin Punjab, abin da ya sa har suka laƙaba wa gwamnatin lardin suna "Takht Lahore", ma'ana gadon sarautar Lahore.

Tarihin kukansu ya faro ne daga rushe wata masarauta. Bahawalpur ƙasa ce mai sarkinta da baitulmalinta tun kafin Turawan Ingila su tafi, kuma da kanta ta shiga Pakistan a 1947. A 1955 gwamnatin tarayya ta dunƙule dukkan lardunan yammacin ƙasar suka zama lardi ɗaya, Bahawalpur ta narke a ciki. Da Janar Yahya Khan ya wargaza wannan tsari a 1970, sauran larduna suka koma yadda suke, amma ita Bahawalpur sai aka liƙa ta a jikin Punjab ba tare da an tambayi mutanenta ba. Jama'a suka fito zanga-zanga, 'yan sanda suka buɗe wuta a watan Afrilu na shekarar, aka rasa rayuka. Ga kuma ƙorafin ƙasar noma: lokacin da gwamnati ta haƙa magudanan ruwa ta raya dazuzzukan yankin, baƙi daga tsakiyar Punjab ne suka samu kaso mai tsoka na gonakin, 'yan ƙasa suna kallo.

A wancan lokaci waɗannan mutane ba su ma da suna ɗaya. Na Multan suna kiran harshensu Multani, na Bahawalpur suna cewa Riyasti, na yankin Dera suna cewa Derawali, hukuma kuwa tana lissafa su duka a matsayin masu wani karin harshe na Punjabi. Marubuta da malamai ne suka tashi tun shekarun 1960 suka haɗa su a ƙarƙashin suna ɗaya, suka yi babban taro a Multan a 1975 inda suka daidaita rubutu, suka riƙe waliyyin mawaƙinsu Khwaja Ghulam Farid a matsayin tuta. A ƙidayar 1981 gwamnati ta amince ta ƙirga Saraiki daban da Punjabi. Daga nan kukan rashin makaranta da asibiti da aikin gwamnati ya samu riga, wato harshe, kuma tun daga ranar bai sake cire ta ba.

Me ya hana a ba su lardin? Dalili biyu ne. Na farko tsoro. Pakistan ba ta manta cewa rikicin harshen Bengali da ya ɓarke a 1952 shi ne ya girma har gabashin ƙasar ya ɓalle ya zama Bangladesh a 1971 ba, don haka duk wanda ya nemi lardi da sunan harshe ana yi masa kallon mai neman raba ƙasa. Na biyu lissafin kujeru. Punjab ita kaɗai ta fi rabin jama'ar ƙasar, tana da kujeru 141 daga cikin 266 da ake zaɓa kai tsaye a majalisar ƙasa, kuma kundin tsarin mulki ya ce ba a taɓa iyakar lardi sai kashi biyu cikin uku na majalisar wannan lardi sun yarda. Wato sai Lahore ta sa hannu da kanta a yanke mata jiki. Majalisar Punjab ta zartar da ƙudurorin goyon baya a 2012, majalisar dattawa ta amince da gyaran tsarin mulki a 2013, amma maganar ta mutu a nan. A 2018 wasu 'yan majalisa daga kudu suka shiga jam'iyyar Imran Khan bisa alkawarin lardi cikin kwana ɗari. Abin da ya fito a ƙarshe shi ne sakatariyar Kudancin Punjab da aka buɗe a 2020, wadda ita ma sai da aka raba ofisoshinta tsakanin Multan da Bahawalpur, saboda kowanne gari ya ƙi yarda ɗan'uwansa ya zama hedikwata.

To, mu dawo gida. An ƙirƙiri Jihar Kano ranar 27 ga Mayu, 1967, aka cire mata Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, yanzu kuma tana da ƙananan hukumomi 44 da jama'ar da ƙidayar 2006 ta ce sun haura miliyan 9. Duk wanda ya san jihar ya san cewa manyan asibitoci da manyan kasuwanni da masana'antu da ofisoshi sun taru ne a ƙwaryar birni da kewaye. Gadojin sama da na ƙasa da gwamnatoci suka yi ta gasar ginawa tun daga 2011, a birni suke. Mutumin Getso ko Lakwaya ko Garo ko Godiya, in rashin lafiya ta yi tsanani, sai ya nemi mota ya yi tafiyar kilomita da dama zuwa birni. Ni kaina na taɓa ɗauko wata ƙanwata mai naƙuda cikin dare, bayan asibitin da muka fara zuwa ya ce babu jini babu likita, kuma Allah ne kaɗai Ya tsare muka isa da ita da rai. Saboda haka in mutumin karkara ya ce ana yi masa rowa, ba sharri ya yi wa kowa ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Sau uku 'yan siyasa suna zuwa mana da maganin wannan ciwo, kuma kowanne zuwa da taswira suke zuwa. Marigayi Muhammadu Abubakar Rimi ya ɗaga darajar wasu sarakuna a 1981, ciki har da na Karaye da Rano da Gaya da Dutse, a daidai lokacin da dangantakarsa da fadar Kano ta yi tsamin da ya kai ga tarzomar 10 ga Yuli, 1981, wadda aka kashe Dakta Bala Muhammad a cikinta. Marigayi Sabo Bakin Zuwo ya hau mulki a 1983 ya soke. A watan Mayu na 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya ƙirƙiri masarautun Bichi da Rano da Gaya da Karaye, majalisa ta gama aikin dokar cikin 'yan kwanaki, kotu ta rushe ta a watan Nuwamba, aka sake yin wata a watan Disamba. A wannan rabo ne Gwarzo da Kabo suka faɗa ƙarƙashin Karaye. Ranar 23 ga Mayu, 2024, majalisa ta soke dokar, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar, aka mayar da Muhammadu Sanusi II. A watan Yuli na shekarar aka dawo da Rano da Gaya da Karaye a matsayin masarautu masu daraja ta biyu, amma aka taƙaita Karaye ga ƙananan hukumomin Karaye da Rogo kawai. Gwarzo da Kabo suka koma Kano.

Ba ina nan ne don in yanke hukunci tsakanin waɗanda ke ganin raba masarautar Kano cin mutuncin tarihi ne da waɗanda ke ganin 'yanci ne ba. Kowanne ɓangare yana da hujjarsa, kuma a cikin danginmu ma akwai masu ra'ayin nan biyu. Abin da na ke son a lura da shi shi ne, a 2019 da 2024 duka, ba wanda ya zo ya tara mutanen Gwarzo da Kabo ya tambaye su inda suke so su kasance. An kai su, an dawo da su, kamar yadda ake sauya wa buhu rumbu. Wannan shi ne ainihin abin da aka yi wa Bahawalpur a 1970, kuma mun ga tsawon shekarun da wancan miki ya ɗauka bai warke ba.

Sai kuma maganar jiha. Taron Ƙasa na 2014 ya ba da shawarar ƙirƙiro sababbin jihohi 18, kuma Ghari na cikinsu, wadda masu nemanta ke zanawa a kan yankin Kano ta Arewa, inda Gwarzo da Kabo suke. A 2024 Sanata Kawu Sumaila ya gabatar da ƙudurin Jihar Tiga mai hedikwata a Rano. A watan Fabrairu na 2025 majalisar wakilai ta karanta buƙatun jihohi 31, biyu daga Kano. A nan ma akwai abin lura. A taswirar masarauta ta 2019 an ɗaura mu da Karaye, alhali Karaye da Rogo suna Kano ta Kudu, wato ɓangaren Tiga. A taswirar sanata kuwa muna tare da Bichi da Dambatta, wato ɓangaren Ghari. Ranar da za a zauna zaɓen hedikwata, ko shakka babu za a ga irin takaddamar Multan da Bahawalpur a tsakaninmu.

Bugu da ƙari, ya kamata masu ilminmu su daina ɓoye wa talaka wahalar hanyar. Sashe na 8 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce sai kashi biyu cikin uku na wakilan yankin a majalisun tarayya da ta jiha da na ƙananan hukumomi sun sa hannu, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama kashi biyu cikin uku na mutanen yankin su amince, sannan rinjayen jihohin ƙasar nan su goyi baya, sannan kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya su zartar. Tun da aka yanke Yankin Tsakiyar Yamma a 1963, babu gwamnatin farar hula da ta taɓa ƙirƙirar jiha a Najeriya. Sauran duk aikin soja ne, na ƙarshe kuma shi ne na Janar Sani Abacha ranar 1 ga Oktoba, 1996. Ba na cewa neman jiha laifi ne. Wanda ya san Dutse kafin 1991 ya kuma gan ta bayan ta zama babban birni, da jami'ar tarayya da filin jirgin sama, ba zai raina amfanin jiha ba. Amma wanda ya ce maka ka jingine maganar asibitin garinku sai an samu jiha, ya ba ka alkawarin kwana ɗari ne irin na Imran Khan.

Darasi na gaba ya fi ɗaci, domin ya shafi namu na gida. Kudancin Punjab bai taɓa rasa manya a gwamnati ba. Farooq Leghari, mutumin Dera Ghazi Khan, ya yi shugaban ƙasa daga 1993 zuwa 1997. Yusuf Raza Gilani, mutumin Multan, ya yi firayim minista daga 2008 zuwa 2012. Usman Buzdar ya mulki lardin Punjab gaba ɗaya daga 2018 zuwa 2022. Amma talakan yankin bai fita daga sahun baya ba, saboda manyan masu gonaki da gidajen shehunnai da ke wakiltarsa sukan tuna da kukan Saraiki ne in suna adawa, su manta da shi in sun samu kujera. Mu ma mazaɓar Gwarzo da Kabo ba marainiya ba ce. Ta fitar da Alhaji Isma'ila Gwarzo, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro a zamanin Abacha. Ta fitar da Sanata Bello Hayatu Gwarzo, wanda ya daɗe yana wakiltar Kano ta Arewa, da Sanata Barau Jibrin, ɗan Kabo, wanda ya gaje shi a 2015 ya kuma zama Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa a 2023. Ta fitar da mataimakan gwamna biyu, Abdullahi Tijjani Gwarzo a 2007 da Aminu Abdussalam Gwarzo a 2023. Ba na musun cewa an samu ayyuka ta hannun waɗannan bayin Allah, babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Kabo shaida ce. Sai dai aikin da ya zo saboda wane yana kan kujera, yakan tsaya ranar da wane ya sauka. Abin da yanki ke buƙata shi ne rabo da doka ta tabbatar masa, ko ɗansa na gwamnati ko ba ya ciki.

Akwai wuri ɗaya da muka sha bamban da mutanen Saraiki, kuma a nan ne tsorona yake. Su harshe suka riƙe, mu kuwa ba mu da wannan hujja. Daidaitacciyar Hausar da ake koyarwa a makaranta a kan Kananci aka gina ta, kuma ko da kunne zai ji ɗan ƙamshin Katsinanci a bakin mutanen kan iyaka, ba wanda zai ce an danne masa harshe. Ƙidayar 1991 da ta 2006 ma ba su tambayi kowa ƙabila ko addini ba. To amma kukan da aka ƙi saurara ba ya mutuwa, riga yake nema. In bai samu ta harshe ba, zai ɗauki wadda ke kusa. Wadda ke kusa a yau ita ce maganar "Hausa zalla" da "Fulani" da na ke ji tana yawo a bakin wasu matasanmu, wadda ke fassara kowace matsala, daga sarauta har zuwa rashin tsaro, da cewa wata ƙabila ce ke zaluntar wata. A ƙarshen 2025 'yan bindiga da ke tsallakowa daga Jihar Katsina suka riƙa kai hare-hare a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, maƙwabtanmu na jini, kuma Gwarzo ma a kan wannan iyaka take. Mun ga yadda irin wannan fassara ta mayar da rikicin gona da burtali yaƙin ƙabila a Zamfara. A yankinmu Bahaushe da Bafulatani da Bamaguje kasuwa ɗaya suke ci, madatsun ruwa ɗaya suke noman rani a kai, da yawanmu kuma in aka bi salsala jinin biyu ne ke gudana a jikinmu. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

A nawa ɗan ƙaramin tunani, akwai abubuwa huɗu da za mu iya nema tun yau ba sai mun jira gyaran tsarin mulki ba. Na farko, gwamnatin jiha ta riƙa wallafa, a kowace shekara, nawa aka ware kuma nawa aka kashe a zahiri kan manyan ayyuka a kowace ƙaramar hukuma daga cikin 44, majalisa kuma ta yi dokar da za ta keɓe wa karkara kaso tsayayye da ba za a karkatar da shi birni ba. In babu rowa, alƙaluma za su wanke gwamnati. In akwai, za a san girmanta. Na biyu, a aiwatar da hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa shiga hannunsu kai tsaye, mu kuma mu sa ido kan shugabanninmu na Gwarzo da Kabo kamar yadda muke sa wa na birni, don kada mu guje wa gadon sarautar birni mu faɗa hannun ƙaramin gado a gida. Na uku, kowace gwamnati da za ta sake taɓa iyakar masarauta, doka ta tilasta mata sauraron jama'ar da abin ya shafa a garuruwansu, da hakimansu da dagatansu da malamansu da matansu, kafin majalisa ta kaɗa ƙuri'a. Na huɗu, a ɗauki tsaron kan iyakar yamma a matsayin tsaron Kano baki ɗaya, a kuma sa Fulanin yankin da sauran jama'a a kwamiti ɗaya, domin ɓarawo ba shi da ƙabila.

Nauyin wannan yana kanmu, mu da muka fito daga waɗannan ƙauyuka muka zama likitoci da lauyoyi da malaman jami'a da manyan ma'aikata. Marubutan Multan sun nuna cewa 'yan boko na iya ba jama'a suna da murya. Abin da ya rage shi ne irin muryar da za mu ba namu, ko ta neman haƙƙi da hujja da alƙalumma, ko ta raba 'yan'uwa da sunan asali. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma mai neman a yi wa karkara adalci ba maƙiyin birnin Dabo ba ne.

Kafin in baro ƙauyen na koma na durƙusa gaban kawuna na ce, "Kawu, ban da amsar tambayarka yau, amma in Allah Ya yarda ba za a sake kai ku ko'ina ba a tambaye ku ba." Ya yi murmushi ya ce, "Allah Ya nuna mana, ɗana. Amma ku fara da rijiyar." Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, amin.